Tsirkiya ta Bakwai

Maigidana Malam Issifou tela ne, a bakin kasuwar Zongo yake ɗinki, amma duk wanda ya taɓa shiga gidanmu da abin kiɗansa ya san shi. Mutanen unguwa molo suke ce masa, ko da yake ba molo ba ne. Ƙwarya ce da aka rufe da fatar akuya, da dogon wuya na sanda, tsirkiyoyin kuma suna hawa kan wani ɗan katako da ake ce wa jaki. Wurin wani tsoho mutumin Mali, Bakari, ya koya, lokacin suna haya gida ɗaya a Tokoin kafin mu yi aure.

Yana jin daɗi a tambaye shi tsirkiya nawa irin waɗannan ke da su. Sai ya ajiye almakashi ya fara. Kora ashirin da ɗaya. Ngoni na mafarautan Mali shida. Bolon uku, wani lokaci huɗu. Na Asante kuwa, seperewa, ya ce ya ga mai shida, ya ga mai goma a Kumasi.

"To naka fa, Malam?"

"Nawa ba ni ke yanke masa ba. Ku tambayi Rahmatu."

Ni ce Rahmatu. Da aka kai ni ɗakinsa tsirkiya biyu ce a jikin abin. Doguwar mai kauri tasa, ta kusa da ita tawa. Duk lokacin da na haihu sai ya hau zemijan, wato babur na haya, har bakin teku, ya sayo zaren kamun kifi wurin masuntan Ewe, ya kitsa zoben fata a wuyan sandar. Ranar suna, in maza sun dawo daga masallaci, sai ya ɗaura sabuwar tsirkiya a zoben ya kaɗa wa jaririn. Kowace sabuwa ta fi ta bayanta gajarta, muryarta ta fi siriri. Ɗan farinmu, wanda ake kira Abdel, shi ne ta uku. Sai Soumaya, sai Bilkis, sai Nasser. Shida ke nan.

Nasser zazzaɓi ya ɗauke shi yana ɗan shekara uku. Yayar Malam, Hajiya Assana, ta ce a cire tasa don kada in riƙa jin ta ina kuka. Malam ya ce, "Yaya, ni na haife shi, ba wanda zai rage mini shi." Aka bar ta.

Bara Soumaya ta samu ciki. Ranar da Malam ya ji, bai jira komai ba, ya zauna a tsakar gida ya kitsa zobe na bakwai. Na ce masa ya cika gaggawa. Ya yi dariya ya ce kaka ai ba ya jira. Ba a yi nisa ba ya faɗi a kan kekensa na ɗinki, hawan jini, kafin a kai shi asibiti Allah ya karɓi abinsa. Na yi takaba ina kallon zoben nan babu komai a jikinsa.

Soumaya ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi a ta fari. Ta sami namiji, mijinta ya ce sunan Malam za a mayar.

Ana gobe suna na sauko da abin daga bango na goge shi. Hajiya Assana tana gyaran albasa, ta ɗago kai.

"Rahmatu, mai kiɗan ya tafi. Mayar da shi ki rataye."

"Za a ɗaura, Yaya."

"Wa zai ɗaura? Wannan ɗan naki mai gyaran wayoyi? Ko igiyar rago bai iya ɗaurewa ba."

Abdel yana jin ta. Ya tada babur ɗinsa. Da la'asar ya dawo yana ƙarnin kifi, da zare a aljihu. Ya ce masuntan sun tuna da babansa, wani tsoho ma ya ƙi karɓar komai.

Da safe maza suka dawo daga masallaci, aka raba goro da dabino. Ina cikin ɗaki ina taya Soumaya ɗaura kallabi, Abdel yana tsakar gida da abin a cinyarsa. Akwai abin da Malam ke yi kullum kafin ya ƙara tsirkiya: sai ya sassauta dukkan tsofaffin, don in sabuwa ta ja jaki su kuma suna ɗaure tam, wani abu zai ba da kai. Abdel bai taɓa lura ba, lokacin da aka ɗaura ta ƙarshe yana ƙarami. Ya zura sabon zaren, ya ja, ya ƙara ja.

Daga ɗaki na ji ƙarar. Tas!

Na fito da gudu. Doguwar ce, ta Malam. Ta tsinke daga sama kusa da zobenta, tana lilo. Ita ce ba a taɓa canzawa ba tun aurenmu, har ta yi ja don tsufa.

Abdel ya tsaya riƙe da ita. "Maman, pardon. Wallahi ban taɓa ta ba. Maman."

Hajiya Assana ta ce, "Innalillahi. Ba na faɗa ba?" Amma sai ta ja gyale ta rufe fuska. Ƙanenta ne.

Na zauna a tabarma na karɓi abin. Na kwance tsinkakkiyar daga ƙasa, na miƙe ta a hannuna. Ba za ta sake kaiwa sama ba. Amma da na gwada ta a zobe na bakwai, wanda ke can ƙasa kusa da ƙwarya, sai na ga ta kai, har da saura.

Na ce wa yaron, "Kai, share idonka. Sassauta sauran duka. A hankali, ɗaya bayan ɗaya. Haka babanka ke yi."

Ya sassauta. Na miƙa masa tsohon zaren na ce ya cire sabon ya sa wannan a wurin jariri. Ya dube ni, ya gane, ya ɗaura.

"Sabon fa, Maman? Wurin Baba ya zauna haka?"

Kafin in buɗe baki Hajiya Assana ta riga ni. "Ya zauna haka don me? Gidan ba shi da namiji ne? Sa shi a can, sakarai, kai ka sayo shi."

"Gwaggo, jiya kika ce ban iya ɗaure rago ba."

"Har yanzu ban ga ka ɗaure ba. Yi sauri, shinkafa na hucewa."

Aka yi dariya, wasu da hawaye. Ya ɗaura dogon a wurin babansa. Ni ban iya kiɗa ba, amma kunnena ya san muryar kowace ɗaya, shekara da shekaru ina jin su ina tuƙa tuwo. Ina cewa ƙara, yana ƙarawa, ina cewa ya isa, yana tsayawa, har suka zauna daidai.

Soumaya ta fito da jaririn. Abdel bai san waƙa ko ɗaya ba, sai ya bi su da yatsa daga sama zuwa ƙasa, Bilkis tana kiran sunayen. Da ta zo kan Nasser ba ta tsallake ba. Da ya taɓa ta ƙarshe, muryar ta fito da kauri kaɗan, ba siririya kamar yadda ta jariri ta saba ba. Jaririn ya buɗe ido ɗaya ya yamutsa fuska.

"Ga shi nan," in ji Hajiya Assana. "Haka ƙanena yake yi in an tashe shi daga barci."

Yanzu abin yana rataye a inda ya saba. Kwanan baya wani ɗan makaranta ya zo da waya yana ɗaukar hoto, ya tambaye ni wane iri ne kuma tsirkiya nawa ya kamata ya kasance da su. Na faɗa masa na kora da na bolon kamar yadda na ji a bakin Malam. Na ce namu bakwai ne, amma ya sake zagayowa, Bilkis ta kusa aure.