Ɗan Rainon Auta

Aikin Auta a ɗakin gwaji raino ne, sai dai ba na jarirai ba. Idan likitoci suka yanko ƙarin ciwon daji daga mafitsarar majiyyaci, sai a kawo mata ɗan guntu kamar ƙwayar wake, ta daddatsa, ta zuba a ƙananan faranti, ta sa a akwatin ɗumi. In ya rayu ya yi 'yan dunƙule-dunƙule, sai a ɗebo sojojin jiki daga jinin mai ciwon, a haɗa da magani, a ga ko za su farka su far masa. Shekara shida tana wannan aiki, hannunta bai taɓa rawa ba.

Sai ga na ciwon mahaifinta ya iso. Guntu ɗaya tal, babu na biyu. Likitansa kuwa ya ce zai duba sakamakon kafin ya yanke shawara: a gwada maganin, ko a cire mafitsarar ɗungurungum, tsoho ya ƙarasa rayuwarsa da jaka manne a ciki.

Baba, tsohon direba, bakinsa ba ya ciwo ko da jikinsa na yi. Kullum ta leƙa shi sai ya ce, "Auta, ya ɗan rainon naki? Yana cin abinci dai ko?"

"Haba Baba, don Allah ka daina."

Wane cin abinci! Kwana tara abin nan sai ƙanƙancewa yake. Ita kuwa Auta ta tsane shi, tsana ta gaske. Ko buɗe akwatin ta yi, zuciyarta tafasa take.

Anti Mai Gilashi, wadda ta koya mata aikin, ta tsaya a bayanta wata safiya tana kallo. Sai ta taɓa kwalbar ruwan abincin ɗan rainon da bayan hannu.

"Ke! Daga firji kai tsaye?"

Auta ta dubi kwalbar. Ɗan koyo ma ya san sai an ɗumama ruwan ya kai zafin jiki, minti goma sha biyar. Ita da ke yi wa na mutane har da 'yar waƙa, na Baba sauri take ta zuba ta rufe ta gudu, ba ta ma lura ba.

"Anti, abin da ke cin ubana ne. Ta yaya zan lallaɓa shi?"

"To kashe shi yau ki huce, gobe a yanke tsohon a makance. Riƙe nan." Ta danƙa mata kwalbar. "Naman jikin Babanki ne, ko ya yi tawaye."

Daga ranar Auta ta koma ɗumama ruwa, tana zubawa a hankali ta gefen faranti. Ran nan ta ji bakinta na cewa, "Ci mana, ɗan banza, ci ka girma." Anti ta yi dariya har da cire gilashi. Ja'irin kuwa ya murmure, ya yi ɓul-ɓul.

A mako na huɗu aka saka masa sojojin jikin Baba da maganin. Bayan kwana uku Auta ta sa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Sojojin sun yanyame shi kamar tururuwa, dunƙulen duk ya wargaje. Hawaye ya hana ta gani da kyau, sai da Anti ta duba ta tabbatar, ta kuma ja mata kunne cewa faranti ba jikin mutum ba ne, amma likita ya sami abin kamawa.

Ta tarar da Baba a kan gado yana fama da rediyo.

"Ya ɗan rainon?"

"Ya mutu, Baba. Yaranka ne suka kashe shi."

Ya ajiye rediyon, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kamo hannunta.

"Sannu da raino, Auta. Na san bai zo miki da sauƙi ba."