Turmin Hajiya Ɗaso da Alhajin Ailan

Turmin Hajiya Ɗaso ya girme ta. Na icen ƙirya ne, uwarta ta ɗauko shi daga Gumel a kan jaki, ya ratsa Chadi, ya yi shekara shida a gonakin audugar Sudan, sannan ya tsallako teku. To a Makka, inda duwatsun ko ciyawar kirki ba sa fitarwa, ina za a sami wani? Matan unguwar Zahir ko daga bayan katanga suka ji amonsa sun san Ɗaso ce ke daka. Yana da 'yar tsaga a gefe, siririya kamar gashi, tana shafa mata mai duk Juma'a. Dokarta ɗaya ce: ba a buga masa taɓarya babu komai a ciki.

A shekarar sittin da biyar, saura wata guda aikin hajji, ɗanta Mukhtaru ya shigo mata da baƙo. Mukhtaru yana aiki ne wurin wani muɗawwifi, wato mai kula da masaukin alhazai, kuma ya tsinci Turanci a tashar jiragen ruwan Sudan. Baƙon wani tsohon Bature ne dogo, rana ta mai da wuyansa ja kamar gauta. Mutumin ƙasar Ailan ne, ya musulunta a Masar, ana kiransa Abdulkarimu. Hayaniyar kusa da Harami ta hana shi sakat, shi ne aka ba shi ɗakin zaure.

Ɗaso ta tambayi sana'arsa. Mukhtaru ya ce mawaƙi ne, amma ba ya waƙa, rubuta ta yake yi. Irin tasa ana ce mata ofera: wasa ne ake yi gaban jama'a, kowace magana a cikinsa da waƙa ake faɗinta. Uban mutumin maƙerin gangunan katako ne na zuba kaya, masu ɗaurin zoben ƙarfe, a wani gari na bakin teku, shi kuwa ya gudu Italiya ya koyi wannan abu. Ya rubuta guda uku. A na ukun mutane suka riƙa tashi suna fita tun ba a kai rabi ba, matarsa kuma ta rasu a shekarar. Tun daga nan, shekara goma sha ɗaya, bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba.

"Har neman ruwan sha da waƙa?" in ji Ɗaso.

"Har mutuwa ma, ya Ummi. Sai a soki mutum ya daɗe yana waƙa kafin ya faɗi."

Ta ce ai dole jama'a su tashi.

Washegari da hantsi ita da surukarta Rakiya suka sa gero a turmi. Hannu ya yi zafi, suka shiga lugude, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, Ɗaso tana jan waƙa Rakiya tana amsawa. Suna gamawa sai ga Mukhtaru: baƙo na roƙon a maimaita. Ta ce me za a maimaita, gero ya riga ya zama gari? Aka ce mata ya rubuta rabin waƙar, sauran rabin yake so. Ta ce ya jira gobe.

Gobe ta yi, aka yi daka, Mukhtaru ya sake leƙowa. Wai ba ita ba ce, ta jiya ake so. Ɗaso ta ajiye taɓarya ta dubi ɗanta. Jiya tana waƙa ne a kan akuyar maƙwabciyarta Sa'adatu da ta ci mata shanya, yau kuwa akuyar ba ta yi mata komai ba, ta ina za ta nemo haushin jiya? Ta ce a gaya wa Alhaji waƙar daka tsawonta tsawon geron ne, in ya daku ta ƙare, ba a ajiye ta a tukunya.

Da Bature ya gane sai da gero ake waƙa, sai ya sa aka kawo buhu guda daga kasuwa. Kwana tara ana daka a gidan nan. Layin gaba ɗaya ya sha fura har yara suka fara gudun kwano. Shi yana zaune bayan labulen zaure da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu na gwajin amo, ya ƙwanƙwasa shi a gwiwa, ya kara a kunne, ya saurari turmi, ya yi ta zana ɗigo-ɗigo a kan layuka, irin rubutunsu na kiɗa. Kafaɗun Ɗaso suka riƙe, ita kuma idonta na kan tsagar nan, gani take kamar tana ƙaruwa. Da ta yi ƙorafi Mukhtaru ya ce ta yi haƙuri, baƙon Allah ne, kuma mutumin da ya shekara goma sha ɗaya bai rubuta komai ba yanzu ya cika shafi arba'in. Ta ce ita ba ta aike shi ba.

Ranar Juma'a ta ce yau babu daka, ta tafi Harami. Da ta dawo ta tarar da Rakiya tsaye a tsakar gida ta rasa inda za ta sa idonta. Ashe Alhaji ya ga turmi a jingine kusa da zaure, ya so ya gwada amonsa da ɗan ƙarfensa, ya ɗauki taɓarya ya maka masa da ƙarfin namiji, babu ko ƙwayar gero a ciki. Rakiya ta ji kunyar hana babban mutum. Tsagar ta buɗe daga baki har kusan gindi, yatsa yana shiga.

Ɗaso ta zauna a ƙasa ta daɗe tana shafa wurin. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce wa Mukhtaru ya nema wa baƙonsa wani masauki.

Bature ya aiko da ban haƙuri, ya roƙi kwana biyu. Ya sa Mukhtaru ya kai shi wurin wani maƙeri, suka dawo da zoben ƙarfe biyu. Ɗaso tana leƙe ta taga ta ga tsohon ya naɗe hannun riga, ya auna turmi da igiya, ya gasa zoben har ya yi ja, ya zura, ya bi shi da guduma zagaye-zagaye, ya kwara ruwa. Ƙarfe ya huce ya matse icen, tsaga ta rufe baki. Mukhtaru ya ce mutumin ya ce shekara hamsin yana gudun sana'ar ubansa, ashe hannunsa bai manta ba.

Ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya da tsoro, ta sauke. Turmi ya riƙe. Ta ƙara da ƙarfi, ya riƙe. Sai dai muryarsa ta canja, ta yi kauri, da wani ɗan ƙara na ƙarfe a ƙarshe. Daga bayan katanga Sa'adatu ta ɗaga murya tana tambaya ko baƙuwa aka yi a gidan, turmin wa take ji?

A zaure kuwa aka ji an ƙwanƙwasa ɗan ƙarfen nan, aka yi shiru, aka sake ƙwanƙwasawa. Can Mukhtaru ya shigo yana sosa ƙeya.

"Ummi, wai shafi arba'in ɗin duk a kan tsohuwar muryar ya gina su. Yanzu ba su dace ba. Yana tambaya ko za a iya farowa daga farko."

Geron Ɗaso bai daku ba tukuna. Ta yi wa Rakiya ido suka ci gaba, ta ja waƙa a kan wani dogon mutum mai jan wuya da ya baro ƙasarsu don ya hana tsohuwa hutawa. Alhaji yana ta rubutu, ya nemi a fassara masa, Mukhtaru ya ce kalmomin tsofaffi ne, shi ma bai iya su ba.

Da aka kwashe gari, ta shafa wa turmin mai, ta mirgina shi da kanta har cikin ɗakinta, ta rufe shi da bargo. Ta ce a gaya wa Alhaji an gode da gyara, amma turmi ba zai sake fitowa ba sai motar da za ta tafi da shi ta kama hanyar Jidda.