Kwamfutar Baban Vicky

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Baba Shekari bai da wani aiki sai kwamfutar da 'yarsu Vicky ta bar musu da ta koma Abuja. Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta, kuma tarihin ma'aikatan nan yake rubutawa da yatsa ɗaya na hannun hagu, daga karin kumallo har rana ta take. Matarsa Hannatu ba ta taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Ita dai ta san ranar da ya yi rubutu yana cin abinci.

Wata Talata ƙaninsa ya kai shi asibiti gashin ƙashi, ita kuwa ta samu sararin share ɗakin. Ta ja teburin, ta goge akwatin kwamfutar da tsumma mai laima. Da ta mayar ta kunna, sai fankar cikinta ta juya, na'urar ta yi kuka sau uku, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ta kashe ta kunna, ta canza soket, ta yi addu'a a kanta. Shiru.

Ta naɗe akwatin a zani ta tari keke daga Narayi zuwa Unguwar Mu'azu, shagon Malam Umar mai gyara, wanda wata 'yar cocinsu ta taɓa yaba mata. Tun kafin ta zauna ta faɗa masa laifinta ne, ita ta sa mata ruwa.

Malam Umar ya kunna ya saurari kukan. Ya kwance murfin, ya haska ciki da fitilar waya, ya nuna mata babu alamar ruwa ko kaɗan. Ya zare wani siririn falle da ya kira ram, ya goge bakinsa da robar goge rubutu irin ta 'yan makaranta, ya mayar. Allo ya kawo haske. Hannatu ta fara godiya ke nan sai allon ya koma shuɗi, ya mutu.

Ya kara kunnensa a jikin akwatin. Ya ce jan teburin ne ya girgiza fallen, wannan ƙaramin abu ne. Babbar matsalar ita ce faifan ajiya, ya daɗe yana ciwo.

"Mama, ko ba ki taɓa ta ba, ba za ta kai ƙarshen wata ba," in ji shi. "Gara da kika kawo ta yau."

Ya cire faifan ya haɗa da tasa kwamfutar, suka zauna suna kallon takardun suna ƙetarawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga sunan masaƙar sai ya ce ai babansa ma a ɓangaren rini ya yi aiki, har ya rasu farcensa bai rabu da shuɗi ba. Babi goma sha ɗaya suka fita lafiya. Na sha biyu ya ƙi buɗewa, duk dabarar da ya gwada.

Ta tarar da mijin ya dawo, yana zaune gaban teburin da babu komai a kai. Ta faɗa masa duka, har da tsumman. Ya tambaye ta wane babi ne. Da ta faɗa, ya rufe ido. Na ranar da aka rufe ƙofar masaƙar ne, wata biyu ya yi yana rubuta shi, kuma ya ce hannunsa ba zai iya maimaitawa ba.

"To ka faɗa, ni in rubuta," ta ce.

"Maman Vicky, ke da ba ki san inda harafi ko ɗaya yake ba?"

Ranar Juma'a da safe Malam Umar ya kawo kwamfutar da sabon faifai, ya nuna mata yadda ake adana kwafi a 'yar ma'ajiyar da ake kira filash. Da ya tafi ta ja kujera ta zauna. Baba Shekari ya fara da mai gadin da ya yi kuka yana sa kwaɗo a ƙofa. Ta daɗe tana neman harafin farko, shi kuma ya jira ta.