Sunaye Bakwai Daga Mayo Bani

Tun ranar da aka ce Alhaji Gabdo ne zai yi wa Asta jagora, hankalinta bai kwanta da shi ba. Shirin musayar matasan ƙungiyoyin sa-kai mutum ɗaya zai ɗauka daga Mubi, ya tafi ƙasar waje wata uku. Su biyu suka rage: ita da Mansir, ɗan ƙanwar Alhajin. Kowannensu zai tura takardar mahalarta taron da ya shirya, sai Alhaji ya sa mata hannu kafin ta wuce, ranar Alhamis kuma ake rufewa.

Ran Laraba da hantsi ta same shi a ofishinsa. Hotunan tarukan da ya halarta cikin shekara ashirin sun rufe bango, amma ko rijiya ɗaya babu a unguwar Kolere da za a nuna a ce shi ya kawo ta.

"Ga takardar mahalarta taron Mayo Bani, Baffa. Na manoma da makiyaya, kan burtalin shanun da aka nome."

Ya ɗaga ta ya duba. "Mutum nawa suka zo?"

"Sun fi arba'in."

"To ina suke, 'yata? Ni bakwai nake gani. Sunaye shida da dangwale ɗaya."

Ta yi masa bayani. Manoma shida ne suka rubuta. Makiyaya sun ƙi, domin a karo na ƙarshe da wani ya rubuta sunayensu, sammaci ne ya biyo baya. Arɗonsu ya dangwala yatsa a madadin kowa, kuma a wurinsu maganarsa ta ɗaure rugar gaba ɗaya. An ma sa ranar da za a kafa turakun burtalin.

Alhaji ya yi dariya, ya jawo aljihun tebur, ya jera biro uku a gabanta.

"Shuɗi, baƙi, ja. Ki riƙa canzawa, wasu ki rubuta da hagu. Buba, Hammadu, Ɗanjuma, sunaye ba sa ƙarewa. Masu shirin nan layi suke ƙirgawa, ba su san Arɗo ba."

"Haka Mansir ya yi?"

"Mansir yana jin magana."

Asta ta dubi birukan. Idan ta cike layukan, ƙaryarta tana hannunsa, kiran waya ɗaya ya isa a cire ta. Idan ta bar su, takardarta za ta je tsirara kusa da ta Mansir. Ta kowace hanya ɗan ƙanwarsa ne a jirgi. Ta nemi alamar tarko a fuskarsa, ba ta ga komai ba sai gajiyar mutumin da ya daɗe yana yin abu har ya daina ganinsa laifi. Wannan ya fi ba ta haushi.

Ta ciro nata biron daga jaka. A ƙasan dangwalen ta rubuta sunan Arɗo, da dalilin da mutanensa suka ƙi rubutu, da ranar kafa turaku, da lambar wayar mai unguwa ga mai son tabbatarwa.

"Ba zan sa hannu a kan mutum bakwai ba. Sunana za ki zubar."

"To, Baffa, rubuta a nan cewa ka ƙi, da dalilinka. Haka zan tura."

Ya karanta abin da ta rubuta. Fankar ofishin tana ta ƙara. Daga ƙarshe ya ɗauki baƙin biron ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfi.

"Taurin kanki irin na babanki ne. Bar ta nan, in haɗa da ta Mansir in tura."

"Allah ya ƙara girma, Baffa. Kar in wahalar da kai."

Ta zare takardar daga ƙarƙashin hannunsa, ta fita ta tari Keke Napep zuwa shagon kwamfuta. Ba ta tashi daga gaban mai shagon ba sai da ta ga saƙon ya tafi da idonta.