Kafin Kan Lantana Ya Bushe

Jiya da dare, ina kai haƙarƙarina ƙasa, na yi wani mafarki da har yanzu bai gama sakina ba.

Na gan ni a tsakar gidanmu na Funtuwa, amma rijiyar tana bisa rufin ɗaki, guga sama ake jefa shi a jawo ruwa ƙasa. Matata Asabe tana zaune a kan turmi, ta riƙe kan 'yarmu Lantana da hannu biyu kamar mai ginin tukunya.

"Malam, taɓa ka ji," in ji ta.

Na taɓa. Kan yarinyar da laushi, da sanyi, kamar yumɓun da aka kwaɓa da safe.

"A garin nan kan yaro da tsakar rana yake bushewa," Asabe ta ce. "Yadda rana ta same shi, haka zai zauna har kabari. Ka kai ta makaranta a gyara mata shi tun yana ɗanye."

"Wace makarantar?"

"Kai da ka yi boko, ni za ka tambaya?"

Na ɗora Lantana a bayan keke. Keken ba ya gaba sai an taka shi da baya, na kuwa taka. A waje hanyoyi ne ke tafiya, mutane suna tsaye a ƙofar gidajensu suna jiran wadda za ta wuce da su. Wani mai shayi yana karɓar shayi daga bakin mutane yana mayarwa cikin buta. A bakin kasuwa na ga waɗansu ƙarti tsirara daga ƙugu zuwa sama, sun ɗaura wa rana igiya suna jawo ta a hankali. Na roƙe su su ɗan sassauta. Babbansu ya ce shi ma ɗan ƙwadago ne, in tafi in ga mai ranar.

Sai ga mu a gaban wani dogon gini fari, tagogi rututu amma babu ƙofa. Ta ƙarƙashi ake shiga, da rarrafe. Na rarrafa, Lantana tana biye da ni, ta dafe kanta kada ya gogi bango.

Shugaban makarantar bunsuru ne. Yana sanye da kwat da laktaye, gemunsa a taje, ya ɗora kofato a kan tebur yana tuƙa. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo min kujera.

"Sannu da zuwa, Malam Tanimu. Ai kai namu ne. Tun kana rarrafe na hango kusurwar a ƙeyarka."

Na shafa ƙeyata. Ashe kuwa akwai kusurwa, mai kaifi kamar gefen bulo. Ban taɓa lura da ita ba, sai dai na daɗe ina mamakin abin da ke hana hula zama min daidai.

"Me kake so ta zama?" ya tambaye ni.

"Ranka ya daɗe, so nake ta zama mutum."

Ya daina tuƙa. Ya kira wata tunkiya mai gilashi, suka yi shawara ƙasa-ƙasa.

"An rufe wannan sashen," ya ce. "Ba a samun masu saye. Akwai likita, akwai injiniya, akwai lauya, akwai akawu irinka. Taso ka gani."

Ajin wani dogon zaure ne. An jera akwatunan ƙarfe irin na masu buga bulo, yara suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sa kai a ciki. Malaman mutane ne, sai dai kowanne agogo ne a gurbin fuskarsa. Malami ya danna murfi, abin da ya yi yawa ya bulbulo ta gefe, ya kankare shi da cokalin magini ya yarfa a bokiti. Babu yaron da ya yi kuka. Kowa ya fito sai ya ce na gode.

"Mene ne wannan da ake zubarwa?" na ce.

"Abin da ba ya fitowa a jarrabawa."

Lantana ta leƙa bokitin. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta ja min riga.

"Baba, akwai mai waƙa a ciki."

Na kasa kunne. Da gaske ne, wata murya ƙarama tana waƙar daka, a ƙarƙashinta kuma wani yana ta fara tambaya ba ya ƙarasawa. Tunkiyar ta zo ta ɗauke bokitin ta kai kwata.

Bayan makarantar fili ne da ido ba ya ganin ƙarshensa. Waɗanda suka gama karatu suna tsaye sahu-sahu, sun fuskanci wani bango mai ramuka, kowane rami da siffar kan da zai shige shi. Amma duk ramukan a cike suke da tsofaffi, waɗansu suna barci, waɗansu sun daɗe da mutuwa ba su fito ba. A cikin sahun na hangi ƙanina Sallau, wanda ya gama jami'a tun kafin a haifi Lantana. Gara ta yi gini a ƙafafunsa har gwiwa.

"Sallau, ashe nan kake? Inna tana ta cigiyarka."

"Yaya, yi magana a hankali, kada a kira sunana ban ji ba."

"Zo mu tafi gida."

"Ina motsawa wani zai maye gurbina. An ce wanda ke cikin ramina ya fara wari, saura ƙiris." Ya dubi Lantana ta wutsiyar ido, bai juya wuya ba. "Ka kama mata layi tun yanzu, karatun ta yi daga baya."

Na saɓa yarinyar a kafaɗa na ruga. Ina jin bunsurun a bayana, ba da faɗa ba, yana cewa, "Ko ba ka kawo ta ba, bangon nan za ta zo. Gara ta zo da siffa."

Ruwan sama ya tsuge daga ƙasa. Yana fitowa ta cikin yashi yana hawa, ya jiƙa min tafin ƙafa da ƙarƙashin haɓa, kaina kuwa a bushe. Muka haye wani kogi da ke gudu zuwa kan dutse.

A ƙetaren akwai wata ƙatuwar bishiyar ɓaure, saiwarta a sama cikin gajimare, rassanta a ƙasa. A inuwarta Mista Nambiyar yana zaune ya tanƙwashe ƙafa. Ba'indiye ne da ya koya mana lissafi a sakandare, zamanin da ake ɗauko malamai daga ƙasarsu. Siriri ne mai yawan tari. Ya koma gida tun ina saurayi, daga baya muka ji ya rasu. Yanzu ga shi ya yafa farin zane, babu takalmi, yana Hausa kamar haifaffen Katsina, shi da a da ko sannu sai ya karya ta.

"Tanimu, har yanzu kana tsoron rabawa?"

"Malam, 'yata na kawo. Can ƙetare matse kai suke yi."

"Kada ka zage su. Kakansu ma ba shi da ginin makaranta. Kasuwa yake zagawa yana yi wa mutane tambayoyi, har suka gaji da shi suka ba shi guba ya sha. Jikokin ne suka ga tambaya ba ta kawo tuwo."

"To ku fa?"

"Mu ba ma matsawa, ba ma zubawa. Cirewa muke yi. Ilimi shi ne abin da ya kwance ka. Wanda ya ƙara ɗaure ka sana'a ce kawai, komai kyanta."

Maganar ta shige ni. Na duba ɗalibansa. Ƙananan suna kawo masa itace suna yi wa saniyarsa ciyawa. Manyan kuwa ba sa taka ƙasa. Suna reto a iska, an ɗaure kowanne da zare a idon sawu an ɗaura a reshe, kada ruwan da ke hawa ya tafi da shi. Ban taɓa ganin fuskoki masu natsuwa irin nasu ba, har na ji ina kishinsu. A ƙarƙashinsu mata suna tsaye da kwanukan abinci, kowace tana kiran sunan ɗanta, babu wanda ya dubo.

Can daga bakin inuwa, inda rana ke duka, waɗansu yara suna share ganye, an toshe musu kunnuwa da auduga.

"Waɗancan fa, Malam?"

"An haife su a gidan da bai dace ba." Bai dube ni ba da ya faɗa. "Ni ma ban so ba. Haka na gaji inuwar."

Ya zaunar da Lantana a gabansa, ya yi mata murmushi.

"Wace ce ke?"

"Lantana."

Ya sa yatsu biyu a bakinta, ya zaro sunan kamar mai zare ƙayar kifi, ya ajiye a ƙwarya.

"Wace ce ke?"

Ta yi ɗan tunani. "Mai tsoron karen gidan Alhaji."

Ya zaro wannan ma. Fuskarta ta washe, dugaduganta suka rabu da ƙasa.

"Wace ce ke?"

Ta waiwayo ta dube ni. "'Yar Baba."

Ya miƙa yatsun. Na cafke wuyan hannunsa, sanyi ƙalau kamar ƙarfen famfo.

"Malam, wannan a bar min shi."

"Shi ne ya fi nauyi. Muddin yana ciki ba za ta tashi ba."

"In ta tashi ina za ta?"

"Inda ba a jin tsoro."

"Za ta riƙa dawowa cin abinci?"

Ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi. Kafin ya lafa na wawuri sunan daga ƙwaryar, na fizgo yarinyar daga iska, na sake rugawa.

Sai ga mu a kan wani ɗan tudun yashi a tsakiyar kogin. Ƙartin nan sun kusa kawo rana tsaka, ina jin nishinsu. Daga wancan gefe bunsuru yana kaɗa ƙararrawa. Daga wannan gefe Mista Nambiyar ya buɗe tafin hannu. Na mayar wa Lantana sunanta a baki, ta haɗiye da ƙyar.

"Baba, wacce za mu?"

"Bari in yi tunani."

"To kai ka koya min mana."

Na yi murna da wannan magana. Na tsuguna a gabanta, na gyara murya, na buɗe baki. Guntayen alli suka zubo. Na sake buɗewa, sai sunayen kogunan waɗansu ƙasashe da ban taɓa zuwa ba suka faɗo, suka yi ta mutsu-mutsu a kan yashi har suka mutu. Na laluba can ciki. Na san mahaifina yakan dubi gabas ya faɗi ranar da za a yi shuka, na san yana da abin da yake faɗa wa mutum idan an yi masa rasuwa har zuciyarsa ta yi sanyi. Na san ya ba ni. Amma da na kai hannu wurin, sai na ji shi a shafe sumul.

"Ina jira, Baba."

"Na ce ki bari in yi tunani."

Na riƙe kanta da hannu biyu don in kare shi daga rana. Na dubi dama, na dubi hagu. Na tuna Sallau da gara a ƙafa, na tuna matan nan da kwanukansu. Na ce a raina gara ƙetaren can, ko ba komai za ta ci abinci. Na ɗaga ƙafa, na fasa. Na ce gara inuwar ɓauren, ko ba komai ba za ta ji tsoro ba. Na ɗaga ɗaya ƙafar, na fasa. Ban san ina ƙara matse hannuwana ba.

Ƙartin suka ɗaure igiyar a jikin turke, suka zauna suna sharce gumi. Ƙararrawa ta yi shiru. A ƙarƙashin tafin hannuna yumɓun ya yi ɗumi, ya yi zafi, ya yi tauri.

Na ɗage hannuwana. Shatin yatsuna ne kewaye da kan, sun nutse ciki, har da tabon da ke babban yatsana. A goshinta ga layin nan da nake gani a madubi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta sauke wata ajiyar zuciya irin wadda nake saukewa idan na jingine keke da yamma. Da ta yi magana, muryata ce ta fito, ta mutumin da ya gaji.

"Ku yi min shiru da surutun nan. Ku je ku tambayi uwarku."

Ta zauna a kan yashi ta ba ni baya.

"Lantana," na ce. "Lantana, ni ne. Taso in ba ki labari."

"Gobe," in ji ta, ba ta waiwayo ba.

Na ɗebo ruwan kogi na yayyafa a kan, ruwan ya tashi sama ya bar shi a bushe. Na tofa yawu na murza, bai motsa ba. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa a hankali, ya yi ƙara kamar tukunyar da ta sha gashi. Na janye hannuna, amma ƙarar ba ta tsaya ba. Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na buɗe ido. Asabe ce a tsakar gida take buga ludayi a bakin tukunyar koko, tana cewa Lantana ta yi maza ta sa takalmi kada ta makara.