Ranar da Injiniya Ya Gyara Fankar Falo

Shekara ɗaya da wata biyu fankar falo ta yi ba ta juyawa a gidan Injiniya, mutumin da rabin fankokin unguwar da hannunsa suke juyawa. Ba injiniyan takarda ba ne, gyaran wuta yake yi, amma sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa. Shi kuma Dakta yake ce mata tun ba a ba ta ba, wai idan ya tsaya jiran jami'a bakinsa zai yi tsatsa.

Digirin digirgir take yi a kan harshen farfagandar Rasha a Yaƙin Duniya na Biyu, wato sanarwar rediyo da kanun jaridu da rubutun da ake mannawa a bango. Saboda wannan ta koyi Rashanci. Shekara uku ke nan Injiniya bai ci abinci babu lacca ba. Yana tauna tana yi masa bayanin yadda ake gaya wa jama'a an kwashi kashi a hannu ba tare da an ce an kwasa ba.

"Ka lura," in ji ta, tana nuna shi da cokali, "ranar da suka ci gari, sunan garin ne a gaba. Ranar da ka ji ana ta yabon jarumtaka babu sunan gari, to gari ya tafi. Sai kuma a nemo wanda za a ɗora wa laifi."

Shi dai kai yake gyaɗawa, a zatonsa ta kunnen dama take shiga ta fita ta hagu.

Babi na biyar ne ya tsaya mata a wuya wata takwas. Har Farfesan da ke duba aikinta ya gaji, ya ce ko ta kawo tsarin babin ranar Litinin, ko a ɗage ta zuwa baɗi. Sai ta yanka kwali ƙanana guda ɗari uku, kowanne da jimla ɗaya ta Rashanci, ta ture kujeru jikin bango, ta shimfiɗa su a ƙasan falo. Ba bisa kwanan wata take jera su ba, bisa yadda hujja ke bin hujja a kanta ne. Mako biyu tana rarrafe, ta ɗauke wannan ta mayar can, ta zauna ta zuba masa ido kamar zai yi magana. Injiniya ya koyi shiga kicin da sanɗa.

Ranar Asabar da safe ta miƙe tsaye a tsakiyar falon, hannu a ƙugu, ta ce a hankali, "Na gan shi." Ta ce za ta je laburare ta duba abu ɗaya, ta dawo da la'asar ta kwafe tsarin a takarda. Ta fita tana share gumi da gefen ɗankwali.

Gumin nan ne ya ja masa. Tausayinta ya kama shi, ga kunyar fankar da ta yi ta roƙonsa ya duba har ta haƙura ta daina. Ya ce yau dai Dakta a cikin sanyi za ta yi kwafinta. Ya ɗauko tsani, ya dasa ƙafafunsa tsakanin layukan kwali, ko ɗaya bai taɓa ba, kuma a ba shi haƙƙinsa, wannan ƙwarewa ce. Minti goma ya gama, ɗan abin da ya ƙone a ciki kawai ya canza. Ya sauko, ya fitar da tsanin, ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe hannu.

Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin bayan kowane gyara. Ya danna makunni don gwaji.

A lamba biyar fankar take, inda Dakta ta murɗa ta bara cikin fushi ta bar ta. Gaskiyar magana, sai da Injiniya ya ji daɗin yadda ta ɗauka ba ƙara ba girgiza kafin ya dubi ƙasa. Babi na biyar ya tashi sama gaba ɗaya. Ya kashe, amma fanka mai lafiya ba ta tsayawa nan take, ta ci gaba da juyawa tana raba kwalaye, wasu ƙarƙashin kujera, wasu bayan talabijin, ɗaya ya haye kan labule ya zauna.

Ya kira yayarsa a waya. Yaya ta yi dariya har ta sarƙe, sannan ta ce, "Kuna da kyanwa?"

"Ba mu da ita, Yaya."

"To ka samo kafin la'asar."

"Don Allah ki bar wasa."

"Ƙanina, ni na goya ka, na san ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ke motsi. Ka gaya mata kawai."

Bai ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba. Ya durƙusa ya tattara kwalayen, ya jera su layi-layi, tsaf, kamar mai shimfiɗa tayil. Tunda bai san inda haruffan suka fuskanta ba, wasu a kife ya ajiye su. Da ya gama ya ja baya ya duba, har ya ga kamar sun fi na ɗazu kyau. Ya rufe ƙofar falo, ya ɗora shayi.

Da la'asar, a bakin ƙofar gida ya taryi Dakta, ya karɓi jaka, abin da rabonsa da yi tun suna sabon aure. Ya bi da ita ta baranda zuwa kicin, ya ja mata kujera, ya zuba shayi.

"Dakta," ya ce, "yau na zauna na yi tunani. Gidan nan ba ƙaramin juriya muka yi ba. Shekara uku, ke da ni, kafaɗa da kafaɗa. Ba kowace mace za ta iya abin da kika yi ba. Duk abin da ya zo, tare za mu tsaya."

Ta kurɓi shayin, ta dube shi ta saman tabarau. Ashe laccar nan ba ta fita ta kunnen hagu ba.

"Injiniya, wane gari muka rasa?"

"Gari kuma?"

"Yabo na ji tun daga ƙofa, ban ji sunan falo ba."

"Falo yana nan. An dai ɗan sake tsari ne, don a fi jin daɗin wurin."

"An sake. Wa ya sake?"

"Kin san masu wutar nan, wani lokaci da ƙarfi suke kawo ta, ba sallama."

"Ga abokin gaba ma an samo," ta ce. Har lokacin da murmushi a bakinta, don a zatonta kofi ya fasa, ko ya taka kwali biyu. Ta ajiye shayin ta tashi, shi kuma ya bi ta a baya, kunnensa na motsi.

Ta buɗe ƙofar falo. Ta dubi layukan nan masu kyau, ta ɗaga kai ta ga fanka an goge mata ƙura, ta sake duban ƙasa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta sulale ta zauna a bakin ƙofar, ta rungume ƙafafunta. A nan ya ga gwiwoyinta sun yi baƙi sun yi kanta saboda rarrafen mako biyu, abin da bai lura da shi ba sai yau. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gabanta ba.

Ya tsuguna kusa da ita.

"Na gyara fanka. Na kunna ban duba ƙasa ba. Duka suka tashi. Wannan jerin nawa ne, ba naki ba, kuma ban san me na jera ba. Laifina ne."

Hawaye ya gangaro mata, ta bar shi.

"Sake faɗi," ta ce.

Ya sake faɗi, kalma bayan kalma.

"Sanarwa kusan dubu huɗu na karanta," ta ce. "Ban taɓa cin karo da irin wannan ba."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta rarrafa cikin falon, ta sa hannu ta rushe layukansa, ta shiga tona. Ta ɗauki kwali ɗaya ta karanta, ta kai shi kusa da ƙafar kujera. Ta nemi wani ta ajiye a gefensa, ta ɗauke, ta tsaya, ta mayar.

"Zai dawo?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Da safe gaba ɗayansa nake gani. Yanzu bakinsa kawai."

"Me zan yi?"

"Sauko mini da na kan labule. Sannan ka hau ka ɓata fankar."

"Ai sai a bar ta a kashe, Dakta. Ko in manne makunnin."

"Na san hannunka. Ka ɓata ta."

Ya shigo da tsani. Shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa lalata abu mai lafiya ba, sai da ya tsaya ya yi tunanin ta inda ake farawa. Daga can sama ya leƙo, ya ƙirga kwali bakwai da ta ajiye cikin ɗari uku, ga zafi ya fara taruwa a ɗakin, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ya sa filaya ya datse wayar, ya sauko, ya durƙusa a gefenta yana miƙa mata kwali ɗaya bayan ɗaya.