Kogon Haƙorin Auta

Tun farkon mako Auta ba ta iya tauna komai ba. Kuncinta na hagu ya kumbura, ko ruwan sanyi ta kurɓa sai ta saki ƙara. Babanta, mai aski ne a wani ɗan shago bakin titi, ya buɗe bakinta ya leƙa: haƙoran tauna biyu sun yi baƙin kogo.

Ransa ya ɓaci, don tun da aka yaye ta ya hana alewa shiga gidan. Da kansa yake tsayawa a kanta da buroshi safe da yamma. Ya san azabar, nasa haƙoran rabi an cire, rabi ciko ne. Sai zarginsa ya faɗa kan mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da su, kullum jikar na manne da ita.

"Inna, ke ce ke ba ta zaƙi a ɓoye."

Tsohuwar ta yi dariya da dasashinta. "To, je ka kama ɓarauniya."

Wasa take yi, amma ya shiga ɗakinta. Ya ɗaga katifa, ya zazzage jakarta a ƙasa. Ba komai sai maganin ƙafa da ƙulle-ƙullen tsumma. Inna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ta tattara kayanta, kafin la'asar ta koma gidan yayarsa.

Washegari a asibiti likita ta daɗe tana haska bakin Auta, sannan ta juyo.

"Malam, buɗe naka in gani. Iyayenka fa, yaya nasu?"

"Inna ba ta da ko ɗaya. Tun tana goyona suka fara zubewa."

"Zaƙi na cin haƙori, gaskiya ne. Amma akwai gidajen da ake gadon haƙori marar ƙwari, ko an kula sai ya ruɓe da wuri. Da alama irinsa ne. Ɗaya zan cike, ɗayan sai cirewa. Ka riƙa kawo ta akai-akai, mu sa ido kan masu fitowa."

Shi ya danne ƙafafun yarinyar aka cire. Tana kuka, bakinta cike da auduga, kakarta kawai take kira.

Daga nan gidan yayarsa suka wuce. Yayar ta ɗauki Auta, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya faɗi abin da likita ta ce, ya nemi gafara.

"Wato dai ni ce," in ji Inna. "Jiya hannuna, yau jinina."

"Ba haka nake nufi ba, Inna. Ai ta wajena ya bi."

"Na yafe maka. Amma ka bar ni nan tukuna. Yarinyar ma ta kwana wurina."

Ya koma shago shi kaɗai. Mutum biyu na jiransa a benci. Ya ɗauki injin aski, ya mayar ya ajiye, sai ya ce su yi haƙuri su dawo gobe.